Yadda Ake Zaɓen Inshorar Jirgin Ruwan Shaƙatawa Da Ake Ja Da Mota

A Amurka mafi yawan ƙananan jiragen ruwa na shaƙatawa ba a ruwa suke kwana ba, haka ma da yawa a Birtaniya da Ostireliya. Suna ajiye a ƙofar gida ko a gareji a kan 'yar tirela mai taya biyu ko huɗu, ranar hutu a maƙala ta a bayan mota a nufi tabki ko bakin teku, da yamma a dawo. Irin wannan jirgi yana fuskantar haɗari a wurare huɗu: a gida, a kan titi, a gangaren da ake sauke shi ruwa, da cikin ruwan kansa. Mai shi yawanci yana da inshorar mota da ta gida, sai ya saki jiki yana ganin sun ishe shi. Kowacce da iyakarta, kuma a tsakaninsu ne ake tafka asara. Duk aikin zaɓen inshorar jirgi shi ne ka gano wannan giɓi ka cike shi. Bayanin da ke ƙasa na tsarin Amurka ne, sai inda aka ambaci wata ƙasa.

Fara da tattara lambobi da takardu

Kafin ka kira kowane kamfani, rubuta abubuwa uku daban, domin a idon inshora dukiya uku ce: gangar jirgi, inji, da tirela. Gangar jirgi tana da lambar shaida da ake kira HIN, haruffa da alƙaluma 12, a saman allon baya ta hannun dama. Tun 1972 doka ta wajabta ta a Amurka. Injin da ake rataye shi a baya yana da tasa lambar a jikin maƙalarsa, tirela kuma tana da lamba mai haruffa da alƙaluma 17 kamar ta mota, yawanci a kan ƙarfen gaba kusa da ƙugiya. Ɗauki hoton kowacce. Lambar tirela takan goge saboda ruwa da rana, shi ya sa gara a ɗauke ta tun tana karantuwa.

Haɗa da tsawon jirgi, shekarar ƙira, ƙarfin inji, iyakar gudunsa, rasit ɗin saye, da jerin kayan da ka ƙara da kanka: na'urar gano kifi, rediyo, rumfa, batura, ƙaramin inji na biyu. Abin da ba ka ambata ba a yau, da wuya a biya ka shi gobe.

Duba abin da inshorar mota da ta gida suka riga suka ɗauka

Inshorar mota takan ɗauki alhakin ɓarnar da ka yi wa wasu lokacin da kake jan tirela. Idan tirelar ta kwance ta bugi motar wani, ita ce za ta biya mai motar. Amma jirgin da ya faɗo daga tirela ya tsage a kan kwalta ba ruwanta da shi, kuma tirelar kanta ba a gyara maka ita sai idan an rubuta ta a takarda.

Inshorar gida kuma, a irin takardar da aka fi amfani da ita, tana biyan abin da bai wuce dala 1,500 zuwa 2,000 ba a kan jirgi da injinsa da tirelarsa gaba ɗaya. Satar da aka yi a wajen gida sau da yawa ba ta ciki. Ta fuskar alhakin wasu, takan tsaya a kan injin rataye da bai wuce ƙarfin doki 25 ba. Mai ƙaramin kwale-kwale na kamun kifi zai iya wadatuwa da wannan. Mai jirgi da inji doki 90 ko 150 kuwa yana buƙatar takarda ta musamman ta jirgin ruwa.

San wanda ya wajabta maka

Yawancin jihohin Amurka ba su tilasta inshorar jirgin shaƙatawa ba. Arkansas da Utah suna tilasta ta alhakin wasu ga jiragen da injinsu ya kai wajen doki 50 zuwa sama, da kuma baburan ruwa. Inda doka ta yi shiru, wasu ke magana: bankin da ya ba ka rance zai nemi cikakkiyar inshora da sunansa a ciki, tashar ajiye jirage kuma za ta nemi shaida kafin ta ba ka wuri. A Ingila da Wales, hukumar Canal & River Trust ba ta ba jirgi mai inji lasisin shiga magudanan ruwanta sai da inshorar alhakin wasu ta aƙalla fam miliyan 2.

Zaɓi yadda za a yi wa jirgin kuɗi

Nan ne bambanci mafi girma tsakanin takarda da takarda. Hanya ta farko ita ce ƙimar yarjejeniya: kai da kamfani ku amince tun farko cewa jirgin ya kai kaza, a rubuta. Idan ya ƙone ko ya nutse ko an sace shi, wannan adadin za a biya. Hanya ta biyu ita ce ƙimar kasuwa ta ranar asara, wato abin da jirgin zai yi idan an kai shi kasuwa a ranar, bayan an cire tsufa. A misali, jirgin da aka saya dala 30,000, bayan shekara biyar kasuwa za ta iya cewa dala 19,000 ne. Mai takardar farko zai karɓi 30,000, mai ta biyu 19,000, kuma idan da sauran bashin banki a kansa, daga aljihunsa zai cika. Ta biyun ta fi araha, kuma ta dace da tsohon jirgin da ba bashi a kansa. Ga sabon jirgi ko wanda ake bin bashinsa, ƙimar yarjejeniya ta cancanci ƙarin kuɗinta.

Akwai tarko ko a cikin ta yarjejeniyar. Alƙawarin cikakken biya ya shafi asarar jirgi ɗungurungum ne. Idan wani sashe ne ya lalace, kamfanoni da yawa suna cire kuɗin tsufa a kan rumfa, kujeru, batura da inji. Kuma lalacewar sashe ita ce ta fi faruwa: farfela ta bugi dutse ko kututture a ƙarƙashin ruwa, ƙafar inji, wato sashen ƙasa mai riƙe da farfela, ta fashe, giya ta watse. Tambayi wakilin kamfani kai tsaye: idan ƙafar injina mai shekara bakwai ta fashe, nawa za ku biya daga kuɗin sabuwa? Ya nuna maka amsar a rubuce.

Kada ka yi rowa a alhakin wasu

Asarar jirgi tana da iyaka, kuɗinsa ke nan. Raunata mutum ba shi da iyakar da za ka sani tun farko. Kamfanoni sukan ba da zaɓi na dala 100,000, 300,000 ko 500,000, kuma bambancin kuɗin shekara a tsakaninsu bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin asibiti da na kotu a Amurka. Ɗauki mafi girman da za ka iya. Idan za ka riƙa jan yara a kan balan-balan ko masu sululu a bayan jirgi, tabbatar an rubuta cewa inshorar ta haɗa da su, domin wasu takardu suna cire su.

Abubuwa biyu kuma a duba ko suna da nasu adadin daban. Na farko tsamo jirgin da ya nutse. Hukuma za ta umarce ka ka cire shi, kuma kuɗin masu nutso da ƙugiyar ɗagawa kan kusanci kuɗin ƙaramin jirgin kansa. Idan takardar ta ce daga cikin kuɗin jirgin za a cire na tsamowa, abin da zai rage maka kaɗan ne. Na biyu malalar mai. Dokar gurɓatar mai ta 1990 ta ɗora wa mai jirgi kuɗin share fetur ko man da ya zuba a ruwa, kuma iyakar alhakin ko ga ƙaramin jirgi ta kai wajen dala miliyan 1. Takarda mai kyau tana ware wa wannan nasa kaso.

Tunda mutane da yawa suna tuƙa jirgi ba inshora, ƙara sashen da zai biya maka jinya idan irinsu ya buge ka, da sashen jinyar fasinjojinka ko da laifin ba na kowa ba ne.

Tirela da hanya

Sa a rubuta tirelar da lambarta da kuɗinta a takardar jirgi. Sannan ka tambayi taimakon gaggawa a hanya, domin wanda ke cikin inshorar mota sau da yawa mota kaɗai yake ɗauka, a bar maka jirgi a gefen titi. Abin da ya fi tsayar da masu jan jirgi shi ne taya da boris. Bayan doguwar tafiya cibiyar taya tana da zafi, ana tura ta cikin ruwan sanyi sai iskar ciki ta tsuke ta zuƙo ruwa ta bakin roba, giris ya lalace, tsatsa ta kama. Wata rana a kan babbar hanya boris ya ƙone, taya ta fice. Kamfani zai kira wannan rashin kulawa, ba zai biya kuɗin boris ba, amma takarda mai kyau za ta biya ɓarnar da jirgin ya samu sanadiyyar hakan. Ka bar cibiyar ta huce na 'yan mintoci kafin ka shiga ruwa, a kuma sabunta giris kowace shekara.

Karanta sharuɗɗan sata da kyau. A Birtaniya an saba ganin sharaɗin cewa dole a datse tayar tirela da maƙulli ko a kulle ƙugiyarta duk lokacin da aka bar ta, injin rataye kuma a ɗaure shi da kwaɗo na musamman. Wanda bai yi ba, an sace, ba diyya.

Ja a cikin ruwa wani abu ne daban. Dakarun tsaron gaɓar teku suna zuwa ceton rai, amma wanda mai ya ƙare masa ko batir ya mutu, kamfanoni irin su Sea Tow da TowBoatUS ne ke janyo shi, kuma da awa suke caji tun daga fitowarsu. Ko dai takardarka ta haɗa da wannan, ko ka yi rajistar shekara da ɗaya daga cikinsu.

Karanta shafin abubuwan da ba a biya

Wannan shafi ya fi duk tallar kamfani muhimmanci, kuma shi ne mutane ke tsallakewa.

Tsufa da zaizayewa ba a biyansu ko'ina. Abin tambaya shi ne ɓarnar da ta biyo bayansu. A jirgi mai inji a ciki da ƙafa a waje, akwai wata roba mai lanƙwasa a allon baya da ke hana ruwa shiga. Idan ta tsufa ta tsage, jirgi ya cika da ruwa ya nutse. Wata takarda za ta ce tsufa ne ya jawo, ba ta biyan komai. Wata za ta ƙi biyan robar amma ta biya nutsewar. Ta biyun kake nema. Tambayi kuma hukuncin mantuwa, kamar a sauke jirgi ba a mayar da matoshin ramin zubar da ruwa ba, kuskuren da har gwanaye ke yi a gangare idan layi ya yi tsawo ana jiransu.

Sanyi ma haka. Ruwa idan ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, kuma wannan ya isa ya tsaga gangar inji. Kamfanoni da yawa ba sa biya, wasu kuma sai ka nuna rasit cewa makaniki ya zubar da ruwan injin kafin hunturu. Ɓeraye da ke cin waya da kujeru a lokacin ajiya, da fumfuna a ƙarƙashin tamfol, su ma yawanci suna cikin jerin da aka cire.

Duba iyakar wuri. Takarda za ta faɗi ko tabkuna da koguna kaɗai ta ɗauka, ko har bakin teku zuwa mil kaza. Amfanin jirgin tirela shi ne yau kana nan gobe kana can, don haka ka faɗi duk inda kake niyyar zuwa. Mai shirin tsallakawa Meziko sai ya sayi inshorar alhakin wasu daga kamfanin ƙasar. Duba iyakar lokaci kuma: ana rage maka kuɗi idan ka yi alƙawarin jirgin zai zauna a tudu na wasu watannin sanyi, amma idan rana ta yi daɗi a cikin watannin ka fita da shi, ba ka da kariya a ranar.

Karɓar kuɗi daga fasinja, ba da haya, tsere, da tuƙi cikin maye duk suna iya rushe diyya. Haka ma miƙa sitiyari ga wanda takarda ba ta yarda da shi ba. Wasu takardu suna ɗaukar duk wanda ka ba izini, wasu sai wanda aka rubuta sunansa, wasu kuma suna da ƙa'idar shekaru.

Kwatanta farashi a kan mudu ɗaya

Nemi farashi daga kamfanoni uku aƙalla, har da wanda ya ƙware a jiragen ruwa, ka ba su adadi iri ɗaya na ƙimar jirgi, na alhakin wasu, da na kason da za ka fara biya daga aljihunka kafin su biya saura. Ɗaga wannan kaso yana rage kuɗin shekara, amma kada ya wuce abin da za ka iya fitarwa nan take. A jihohin da guguwar Atlantika ke bugawa, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, akwai kaso na daban na guguwar da hukuma ta raɗa wa suna, wanda ake lissafawa da kashi cikin ɗari na ƙimar jirgi. Kashi 5 a kan jirgin dala 30,000 dala 1,500 ke nan. Mai tirela yana da sauƙi a nan, domin zai iya janye jirginsa zuwa tudu kafin ta iso.

Ana samun ragi da shaidar kwas na tuƙin jirgi, lasisin mota da ba laifin tuƙi a kansa, ajiya a rufaffen wuri, da haɗa inshorar gida da mota a kamfani ɗaya. Tsohon jirgi kuma za a iya neman masani ya duba shi ya rubuta rahoto, kuma gyaran da ya lissafa ya zama sharaɗi a kanka. Kafin ka biya, tabbatar kamfanin yana da lasisi a sashen kula da inshora na jiharka.

Bayan sa hannu

Ajiye kwafin takardar a waya da wani a jakar da ruwa ba ya shiga. Duk lokacin da ka sauya inji, ka ƙara kaya masu tsada, ko ka koma wani gari, sanar da kamfani a rubuce. Idan haɗari ya faru, fara da mutane, sannan ka hana ɓarnar ƙaruwa, domin takarda ta ɗora maka wannan. Injin da ya sha ruwa, musamman na gishiri, a kai shi wurin makaniki a ranar a wanke shi a zuba masa mai, domin tsatsa ba ta jiran ma'aikacin kamfani. Ɗauki hotuna kafin a taɓa komai, kada ka jefar da sashen da ya karye. Dokar tarayya ta buƙaci a kai rahoto ga hukumar jiragen ruwa ta jiha cikin awa 48 idan wani ya rasu, ya ɓace, ko ya ji raunin da ya wuce taimakon farko, da kuma cikin kwana 10 idan ɓarnar dukiya ta kai dala 2,000 ko jirgin ya salwanta gaba ɗaya.