Kurakuran masu neman ƙwayar cuta a naman shanun kasuwa

Ɗalibai da sababbin ma'aikatan ɗakin gwaji a Kaduna, kuskurenku tun daga teburin mahauci yake farawa. Za ka ga mutum ya sayi nama a kasuwar Kawo, ya bari an ƙunsa masa a ledar mahauci, ya hau Keke cikin rana, sai bayan la'asar ya isa ɗakin gwaji. Wannan ba samfur ba ne, cefane ne. Ka je da jakarka da aka kashe wa ƙwayoyi, da kula mai ƙanƙara, ka fara aiki cikin awa 24. Kada ka daskarar da shi, daskarewa na kashe wasu ƙwayoyin.

Kar a zuba nama kai tsaye kan farantin rainon ƙwayoyi a ce babu Salmonela, ƙwayar cutar da ake nema. Giram 25 na nama cikin mililita 225 na ruwan fefton (ruwan abincin ƙwayoyi), awa 18 a digiri 37, domin ƙwayoyin da suka jigata su farfaɗo. Daga nan ruwan RVS, mai fifita Salmonela kan sauran ƙwayoyi, a digiri 41.5, sannan farantin XLD, inda ake ganin tsiron ƙwayoyin.

Wanda ya fi ɓata min rai kuwa shi ne ɗigon baƙi. Da an ga jan tsiro mai baƙi a tsakiya a XLD sai a rubuta Salmonela, a lissafa kashi cikin ɗari, a kai wa malam. Haba! Wasu ƙwayoyin kamar Proteus ma suna baƙin nan, Citrobacter ma haka, kuma naman da ya yini a tebur ƙuda na bi ba ya rasa su. Ka ɗauki tsiron, ka tsarkake shi, ka sa a gwajin sinadarin yuriya: in ya koma ruwan hoda, ba Salmonela ba ce, galibi Proteus ne, Salmonela ba ta fasa yuriya. Sai TSI (gwajin sukari uku da ƙarfe), sai gwajin siram na tabbatarwa. Ni dai ba na yarda da tsiro ɗaya, biyar nake so a ɗauka daga kowane faranti.

Haka ƙyallin kore a farantin EMB: alamar ƙwayar E. coli ce kawai, ba ya tabbatar da cewa O157 ce, wato nau'inta mai haɗari. Ita tana buƙatar farantin MacConkey mai sukarin sobitol, inda take fitowa ba launi.

In an ɗauke wuta da dare inkubeta ta huce, a sake daga farko. Kuma a rubuta lambar samfur a gindin faranti, murfi yana musanyuwa.