Kurakuran da aka fi yi wajen daidaita fayiloli tsakanin kwamfutoci, da yadda ake gyara su

A shagunan buga takardu da ofisoshin makarantu da na ƙungiyoyin manoma, daga Bichi har Gumel, da wuya yanzu ka tarar kwamfuta ɗaya ce ke ɗauke da dukkan aiki. Akwai ta teburin gaba, akwai wadda aka jona da firinta, ga kuma laftof ɗin da maigida ke tafiya da shi gida. Burin kowa shi ne duk inda ya buɗe foldar aiki ya same ta iri ɗaya. Manhajojin da ke yin wannan suna da yawa. Syncthing da FreeFileSync kyauta ne, robocopy yana zuwa ne a cikin Windows, masu Linux suna da rsync tun 1996, sannan ga Google Drive da OneDrive da Dropbox masu bi ta intanet. Halinsu ɗaya ne: suna ganin abin da ya canza, amma ba su san wanne ne daidai ba. Kamar ɗan aike ne da ba ya tambaya, abin da aka miƙa masa shi zai kai. Yawancin asarar da ake tafkawa daga nan take tasowa.

Zaton cewa kwafi uku ajiya uku ce

Wannan ya fi kowane kuskure cin mutane. Mai shago zai ce hankalinsa kwance yake tunda fayilolinsa suna kan kwamfuta uku. To amma idan yaron shago ya goge foldar takardun kwastomomi a ɗaya, kafin ya tashi daga kujera gogewar ta isa sauran biyun. Haka idan aka rubuta wani abu a kan tsohon fayil aka adana, haka kuma idan bairos mai kulle fayiloli ya shiga. Duk kwafin za su lalace tare, domin aikin da aka sa manhajar ke nan.

Gyaran kashi biyu ne. Na farko, a kunna ajiyar tsofaffin kwafi a cikin manhajar. A Syncthing sunan wurin File Versioning, kuma a kashe yake zuwa, sai an kunna da hannu. Zaɓin Staggered ya fi dacewa da ofis, saboda yana riƙe kwafi da yawa na kwanan nan, yana rage su yayin da suke tsufa, har zuwa kwana 365 idan ba a canza ba. Suna taruwa ne a ɓoyayyiyar folda mai suna .stversions. Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: Syncthing yana ajiye tsohon kwafi ne kawai idan canjin daga wata kwamfutar ya zo. Abin da ka goge da hannunka a kwamfutarka, ita ba za ta ajiye maka ba, maƙwabciyarta ce za ta ajiye. Don haka a kunna shi a kowace kwamfuta, ba a ɗaya kaɗai ba. Masu Google Drive kuwa su tuna kwandon shararsa kwana 30 yake riƙe fayil, daga nan ya tafi.

Na biyu, a samu faifan ajiya na waje wanda ba ya cikin daidaitawar ko kaɗan. A jona shi sau ɗaya a mako, misali ranar Alhamis kafin a tashi, a kwafe, a cire, a kai shi wani ɗaki ko wani gida daban. Faifan da ke maƙale a kwamfuta dare da rana, abin da ya ci kwamfutar shi zai ci shi, ko bairos ne ko wuta mai ƙarfi ko ɓarawo.

Agogon da ya koma baya

Galibin kwamfutocin tebur da ke ƙauyukanmu na hannu aka sayo su, batirin da ke riƙe musu lokaci kuma ya daɗe da mutuwa. Ɗan batiri ne zagayayye kamar sulalla, lambarsa CR2032, ƙarfinsa bolt 3, yana zaune a kan babban allon cikin kwamfuta. Da ya mutu, duk lokacin da aka ɗauke wuta agogon sai ya koma shekaru baya.

Ɗauki misalin wata makarantar sakandare a yankin Ringim. Jami'in jarrabawa ya wuni yana shigar da makin ɗalibai a kwamfutar da agogonta ke nuna 2012. Da yamma aka daidaita da ta ofishin shugaban makaranta, inda tsohon kwafin makon jiya yake ɗauke da kwanan wata na bana. Idan tsarin da aka zaɓa shi ne sabo ya danne tsoho, to a idon manhaja na makon jiya ne sabo, aikin yau kuma ya tsufa da shekaru. Ko dai ta ƙi ɗaukar na yau, ko ta danne shi gaba ɗaya idan hanya biyu take aiki. Umarnin robocopy mai /XO da rsync mai -u dukansu da kwanan wata suke hukunci. Google Drive da OneDrive kuma sau da yawa ƙin haɗuwa suke yi idan agogo ya kauce da nisa, mutum ya yi ta zargin netwok alhali laifin batiri ne.

Ana samun batirin a wurin masu gyaran agogo da masu sayar da kayan kwamfuta. A kashe kwamfuta, a zare wayar wuta, a buɗe murfin gefe, a danna ɗan ƙarfen da ke riƙe batirin ya fito, a sa sabo gefen da ke da alamar + yana sama. Bayan haka a duba yankin lokaci a kowace kwamfuta ya zama West Central Africa, wato UTC+1. Wasu sukan gyara awa da hannu su bar yankin a na Amurka yadda kwamfutar ta zo. A fuska agogon zai nuna daidai, amma lokacin da ake liƙa wa fayil zai kauce da awanni, domin Windows a faifan NTFS, wato tsarin faifan da ya saba amfani da shi, da lokacin bai-ɗaya na duniya (UTC) yake rubutawa.

Mutum biyu a kan fayil ɗaya

Idan magatakarda ya buɗe rajistar mambobi a kwamfutarsa, ma'aji ma ya buɗe ta a tasa, kowa ya ƙara sunaye ya adana, manhaja ba za ta haɗe aikin nasu ba. Ɗaya za ta bari da sunansa, ɗayan ta sauya masa suna. A Syncthing za ka ga sync-conflict da kwanan wata a cikin sunan, a Dropbox kuma conflicted copy. Kuskuren shi ne a ga waɗannan a ɗauka shara ce a goge, alhali aikin wani na wuni guda ne a ciki. A buɗe su biyun gefe da gefe, a kwashe abin da ya ɓace a mayar, sannan a goge. Ya kamata a riƙa binciken kalmar conflict a foldar aiki duk mako.

Maganin na dindindin ba a manhaja yake ba, a rabon aiki yake. Kowane fayil ya zama da mai shi. Idan malamai shida ne ke shigar da maki, kowa a ba shi fayil na ajinsa, jami'in jarrabawa ya haɗe daga baya. Kwamfutar da aikinta bugawa ne kawai a sa ta a Receive Only, don abin da aka taɓa a can kada ya yaɗu.

Akwai kuma fayilolin da bai kamata a daidaita su suna buɗe ba sam: rumbun bayanai na Access, fayil ɗin .pst na Outlook, da bayanan manhajojin lissafin kuɗi da na kantin magani. Manhajar tana rubutu a cikinsu kowane lokaci, idan aka kwafe ana tsakar rubutu sai a samu rabi sabo rabi tsoho, ya ƙi buɗewa. Irin waɗannan su zauna a kwamfuta ɗaya. A yi amfani da maɓallin fitar da kwafin ajiya na ita manhajar, kwafin da ya fito shi za a jefa a foldar da ake daidaitawa. Ƙananan fayilolin da Word da Excel ke ƙirƙira masu farawa da ~$ a sa su cikin jerin waɗanda za a tsallake.

Juya umarni baibai

Umarnin robocopy mai /MIR yana mayar da wuri na biyu ya zama daidai da na farko, duk abin da babu shi a na farko kuma ya goge shi a na biyu. Adireshin farko shi ne tushe. Wanda ya rubuta foldar sabuwar kwamfuta, wadda babu komai a ciki, a farko, ya sa ta aiki a biyu, to ya share aikinsa da hannunsa, kuma abin da robocopy ya goge ba ya biyawa ta kwandon shara. Kafin a tura umarnin a ƙara /L a ƙarshe, zai jero abin da zai yi ba tare da ya taɓa komai ba. Duk layin da aka rubuta EXTRA a gabansa, wannan fayil gogewa za a yi. A rsync makamancinsa shi ne --dry-run, kuma wajibi ne duk lokacin da aka sa --delete, mai goge abin da babu shi a tushe.

A kula da harafin faifai ma. Faifan da yake E: jiya yana iya zama F: yau saboda wani ya riga ya soka filashi. A shiga Disk Management a ba faifan ajiya harafi na can ƙarshe, kamar X:, ya zauna a kai. Sannan a ƙara /R:2 /W:5, domin in ba haka ba robocopy idan ya ci karo da fayil a kulle zai sake gwadawa har sau miliyan ɗaya, yana jiran daƙiƙa 30 tsakanin kowane gwaji. Mutum zai ɗauka aiki ake yi, man janareta na ƙonewa, alhali a wuri ɗaya yake tsaye.

Ƙona data a kan abin da waya za ta iya

Abin takaici ne ka ga kwamfutoci biyu a ɗaki ɗaya, amma fayil sai ya hau intanet ta layin waya sannan ya sauko. A garin da netwok ke zuwa yana tafiya, wannan asarar kuɗi ce da ta lokaci. Syncthing ba ya buƙatar intanet idan kwamfutocin suna kan rauta ɗaya ko suwic ɗaya, wato akwatin da ake jona wayoyin netwok a jikinsa. Wayar netwok ta Cat5e ko Cat6 tana kai mita 100. Suwic mai gudun 100 Mbps yana ɗaukar kusan MB 11 a daƙiƙa, wato foldar GB 50 za ta ci fiye da awa ɗaya, mai gigabit kuwa wajen minti 10. Kwafin farko shi ne mai nauyi, daga nan abin da ya canza kawai ke tafiya.

Idan sun ƙi ganin juna, a fara duba ko Windows ya ɗauki netwok ɗin a matsayin Public, a mayar da shi Private, a kuma ba manhajar izini a katangar tsaro. Syncthing yana aiki da ƙofa ta 22000 wajen tura fayil da 21027 wajen neman 'yan uwansa. Wasu ƙananan na'urorin MiFi da rautoci suna da saitin da ke hana na'urorin da ke kansu magana da juna, a nemo shi a kashe. A umarnin robocopy a yi amfani da sunan kwamfuta maimakon lambar IP, don lambar tana iya canzawa idan rauta ta mutu ta tashi.

Masu amfani da OneDrive ko Google Drive su san cewa ganin sunan fayil ba ya nufin yana kan kwamfutar. Alamar gajimare a gefensa na nufin yana can sama, ranar da babu netwok ba zai buɗe ba. Foldar da ake buƙata kullum a danna mata dama a zaɓi ta zauna a kan na'urar. Wurin da suke bayarwa kyauta ma yana da iyaka: GB 15 a Google, 5 a OneDrive, 2 a Dropbox. Da ya cika, tura sababbin fayiloli ya tsaya, gargaɗin kuma ɗan ƙarami ne a kusurwar allo.

Kashe janareta kafin a gama

Syncthing ba shi da wata matattara a tsakiya, sai kwamfutoci biyu suna kunne a lokaci guda suke musaya. Idan laftof na zuwa da safe, ta tebur kuma sai da yamma ake kunna ta, za su yi mako ba su haɗu ba. Inda ake da sola, a ware tsohon laftof ɗaya mai batiri a bar shi kunne cikin inuwa, nesa da ƙurar hunturu, kowa ya riƙa daidaitawa da shi. Kafin a kashe inji da dare a buɗe shafin manhajar a ga an rubuta Up to Date a foldar da kuma a gaban sunan kowace kwamfuta. Ta tebur a sa mata UPS ko da na minti 10 ne, don a samu a rufe fayil a kashe ta da kyau.

Sunayen fayil ma suna hana ruwa gudu. Windows ba ya karɓar \ / : * ? " < > | a cikin suna, kuma manhajoji da yawa suna tuntuɓe idan cikakken adireshin fayil ya wuce haruffa 260, saboda haka a rage folda cikin folda. Filashi mai tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai GB 4, lokacinsa kuma da tazarar daƙiƙa 2 yake rubutawa, shi ya sa ake ƙara /FFT don kada robocopy ya riƙa sake kwafe komai kullum. Filashin kwastoma kada ya kusanci foldar da ake daidaitawa sai an bincike shi, musamman saboda bairos ɗin nan mai ɓoye folda ya bar gajeriyar hanya a madadinta.

Duk farkon wata a gwada tsarin da gaske. A ƙirƙiri ƙaramin fayil a kwamfuta ɗaya a ga ya bayyana a sauran, a goge shi, sannan a dawo da shi daga .stversions na wata kwamfutar. A ɗauko faifan waje a buɗe fayiloli biyar daga foldoji daban-daban. Fayil mai muhimmanci kamar sakamakon jarrabawa, a rubuta certutil -hashfile da sunansa da SHA256 a tagar rubuta umarni ta Windows (Command Prompt) a kwamfutocin biyu. Idan dogayen lambobin da suka fito sun zo ɗaya, kwafin ɗaya ne har ƙwayar harafi. Idan sun bambanta, a tsayar da daidaitawa a kwamfutocin duka tukuna, a kwafe kowanne gefe guda, sannan a zauna a tantance wanda za a riƙe.