Yadda na gyara wutar motata MGB mai mutuwa a cunkoso

Da inji ya ɗau zafi a cunkoson Kwangila, sai motar ta fara tari, ta mutu. Kwandansa (mai hana kontak ƙonewa) ce ta gaji, bakin kontak (mai haɗa wuta da yanke ta) ya ƙone, tazarar bakin ta kauce daga 0.38mm.

Don yawon gari ba sai an sa na'urar wuta irin ta motocin tsere ba. Na cire kontak da kwandansa, na ɗaura Pertronix Ignitor, na'urar lantarki mai maye gurbinsu, a cikin distiribitan Lucas 25D (mai raba wuta ga fulogogi). Jar wayar na'urar a (+) na kwayil (mai ƙara ƙarfin wuta), baƙa a (−). Kwayil ya zama mai ohm 3, ƙasa da haka yana ƙona na'urar. A fara duba batir, don wannan haɗin na mota mai (−) a jikin bodi ne, tsofaffin MGB kuwa (+) ne a jikin bodi. Sai na sake saita taimin (lokacin tashin wuta) da fitilar taimin.

Kar a bar makulli a kunne alhali inji yana kashe. Tsohon kontak ɗin yana but ɗin motar, saboda tsaro.