Yadda Za Ki Daina Tsoron Sajin Kisira

Akwai matar da za ta tuƙa tuwon gidan biki ba ta ko haki, amma a ce ta zauna gaban saji, faffaɗan ƙarfen gashi, ta yi kisira, siririyar gurasar dawa mai tsami ta Sudan, sai jikinta ya yi sanyi. Kakanninmu da suka biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, da tuwo suka zo bakin kogin Nilu a Sudan. Kisira a nan suka tarar da ita. Yau kuwa, daga Maiurno har Gadarif da Kasala, amaryar da ba ta iya ta ba sai an yi da ita.

Tsoron iri biyu ne: na ƙuna da na idon mutane. Dukansu hannu suke riƙewa, kisira kuwa ba ta son hannu mai jinkiri. Da zarar kin tsaya tunani a tsakiyar shafawa, ƙullin ya kama, ya yi tudu a nan, ya yage a can.

Ki fara da ƙullin tun daren jiya. Ki dama garin dawa da ruwa, ki zuba ɗan tsohon ƙulli mai tsami (ki roƙa a maƙwabta in ba ki da shi), ki rufe ya kwana. A zafin ƙasar nan dare ɗaya ya isa. Lokacin sanyi yakan ƙara sa'o'i. In ya yi ƙwai-ƙwai a sama, ƙanshin tsami ya tashi, ya nuna. Ki ƙara ruwa har ya fi ƙullin sinasir tsinkewa. Wasu suna sa ɗan garin alkama don kada ta riƙa yagewa. Tsofaffi na yi wa wannan tsaki, ni dai ban ga laifinsa ga mai koyo ba.

Mataki na biyu shi ne wanda ake rainawa. Kafin ki kunna wuta, ki zauna gaban saji mai sanyi, ki ɗauki gargariba, wato ɗan abin baje ƙulli, ta kaba ce ko ta roba, ki zuba ƙulli kaɗan ki yi ta shafawa kina gogewa. Ki riƙe ta a tsaye tsakanin yatsu, ki bar wuyan hannu ya yi aikin, ba kafaɗa ba. Ba mai kallonki, ba abin da zai ƙone ki. Hannun da ya san hanyarsa a sanyi ba ya ruɗewa in zafi ya zo.

Sannan ki gyara zamanki. Ki ɗaure tobinki (lafaya) sosai ko ki cire shi, domin bakinsa da ke lilo kusa da wuta ya fi sajin kansa haɗari. Kwanon ruwan da za ki riƙa tsoma gargariba ya zauna a dama, faifai a hagu. In kuma tsautsayi ya faɗa, ruwa mai sanyi za ki yi ta zubawa a wurin na kamar minti 20. Ban da man goge baki.

Yanzu ki kunna wuta. Ki yayyafa ruwa a saji. In ɗigon ya yi tsalle ya ɓace, ya yi. Ki shafe shi da tsumma mai ɗan mai ko tayug, wato ɓargo ko ƙwaƙwalwar dabba. Ki yi bismillah, ki zuba ƙulli a gefen da ya fi nisa da ke, ki jawo shi da sauri hagu da dama har ya baje siriri. Gefe ɗaya kawai ake gasawa. Kafin minti ɗaya za ki ga bakinta ya fara ɗagowa da kansa; nan za ki kama da yatsu biyu ki ɗaga gaba ɗaya.

Ta farko za ta lalace, ki sa wannan a lissafi tun kafin ki zauna. Ko ƙwararru sukan yi asararta kafin saji ya daidaita. In ta manne, mai ya yi kaɗan ko zafi bai kai ba. In ta yi kauri, ƙara ruwa. Kowace ɓarna tana da sanadi da za a iya gyarawa, kuma ba ke ce sanadin ba.

Saura idon mutane. Kada ki jira uwar miji ta leƙo, ke ki kira ta: "Inna, zo ki duba mini zafin nan." Wadda aka nemi shawararta da wuya ta koma ɗaka ta yi gulma. Waɗanda suka yage kuma a tara su a kwano, a kwarara miyar busasshiyar kuɓewa a kai, yara su cinye. Kafin ki wanke roba, ki rage ludayi ɗaya na ƙullin domin na jibi.