Inda yara ke tuntuɓe a LCM da HCF, da yadda za a ɗaga su

Duk malamin da ya riƙe aji biyar ko shida a firamaren ƙauye ya san wannan: ka rubuta 4 da 6 a allo, ka ce a nemo LCM, wato mafi ƙanƙantar lambar da duka biyun ke shiga cikinta ba saura, wasu su kawo maka 2, wasu 24. Duka kuskure ne, amma ciwon ba ɗaya ba ne, maganin ma haka.

Masu kawo 2 sun cakuɗa LCM da HCF, wato mafi girman lambar da ke raba su duka ba saura. Sun ji an ce "mafi ƙanƙanta", sai suka bi ƙaramar lamba. Ajiye alli ka kai su gona. Mai noman rani a Kadawa ko Auyo yana ba tumatir ruwa duk kwana 4, albasa duk kwana 6. Yau ya shayar da su tare. Yaushe ban ruwan zai sake faɗowa rana ɗaya? Tumatir: 4, 8, 12. Albasa: 6, 12. Kwana 12 ke nan. A nan babu yaron da zai ce kwana 2, tunda ko tumatirin bai zagayo ba. LCM jiran haɗuwa ne, ba ya taɓa kasa babbar lambar da aka bayar.

HCF kuwa rabo ne. Ga gero tiya 24 da dawa tiya 36, za a raba wa gidaje, kowa ya samu daidai da ɗan'uwansa, babu saura, ba a kuma gutsure tiya. Gida nawa ne iyaka? 12: kowane gida gero tiya 2, dawa tiya 3. Amsar ba za ta wuce ƙaramar lambar ba. Kafin yaro ya ɗora biro, ya tambayi kansa: jira ake yi ko rabo?

Masu kawo 24 sun fi ba ni tausayi, domin sau da yawa mu malamai ne muka dasa musu. Idan misalan farko duk irin su 3 da 5 ne, ko 4 da 9, yaro zai ga ninka lambobin da juna kullum yana ci, sai ya riƙe shi. Alhali dabarar tana aiki ne kawai idan babu lambar da ke raba su duka biyu sai 1. 4 da 6 kuwa 2 na shiga cikinsu, shi ya sa aka riga aka haɗu a 12 kafin a kai 24. Tun ranar farko a gauraya misalan, a sa har da 6 da 18, inda ƙaramar ce HCF, babbar kuma LCM.

Sai tsallake. A ce a jero lambobin da ke raba 36, yaro ya rubuta 2, 3, 4, 6, 9, ya tsaya. Ya bar 12 da 18, ya manta 1 da 36 ɗin kanta. A koya masa jerowa bibbiyu: 1 da 36, 2 da 18, 3 da 12, 4 da 9, 6 da 6. Da ɓangarorin sun haɗu, an gama. Mai manta 1 shi ne zai ce 8 da 15 "ba su da HCF". Suna da shi, 1 ne. Wanda kuma haddar sau ba ta zauna masa ba, a koma can tukuna. In ba haka ba, aikin baban giwa ake yi.

A ƙaramar sakandare, inda ake farfasa lamba, rikicin ya koma wanne za a ɗauka. 24 ita ce 2×2×2×3, 36 kuma 2×2×3×3. HCF na ɗaukar abin da suka yi tarayya a kai kaɗai: 2×2×3, wato 12. LCM na ɗaukar kowace lamba a inda ta fi yawa: 2 sau uku daga 24, 3 sau biyu daga 36, wato 72.

Akwai gwajin da yaro zai yi da kansa a gefen takarda: HCF sau LCM dole ya yi daidai da lambobin biyu an ninka su. 12×72 ya ba da 864, 24×36 ma 864. Amma a gargaɗe shi, na lambobi biyu ne kawai. Ya gwada da 2, 4 da 8: HCF 2, LCM 8, sun ba da 16, su kuwa lambobin uku 64.