Yadda Za Ka Zaɓi Bukukuwan da Za Ka Tura wa Gajeren Fim Ɗinka

Bukukuwan baje kolin finafinai sun kai dubbai a duniya, kuma yawancinsu sai ka biya kuɗin rajista kafin su kalli aikinka. Wanda ya buɗe FilmFreeway ko Festhome, shafukan intanet da ake tura wa bukukuwa fim ta cikinsu, ya dinga turawa duk inda ya ga suna mai daɗi, aljihunsa zai ƙone tun fim ɗin bai sami inda ya dace da shi ba. A wannan harka, wanda ka fara tura wa da wanda ka bari sai daga baya shi ne rabin nasara.

Da farko ka tambayi kanka abin da kake nema. Idan masu saye da masu rarraba finafinai kake son su gan ka, bikin Clermont-Ferrand na Faransa, wanda ake yi a farkon shekara, yana da babbar kasuwar gajerun finafinai. Idan Oscar kake hange, hukumar da ke bayar da ita tana fitar da jerin bukukuwan da ta amince da su, kuma sai ka ci takamaimiyar kyauta a ɗayansu za ka cancanta, shiga gasar kaɗai ba ta isa ba. Idan kuwa burinka ka zauna cikin 'yan kallo ka ji inda suka yi dariya da inda suka yi tsit, ƙaramin biki mai cika ɗaki zai biya maka buƙata.

Na biyu, ka auna tsawon fim ɗin. Gasar gajerun finafinai ta Cannes ba ta karɓar abin da ya wuce minti 15, har da jerin sunayen da ke fitowa a ƙarshen fim. Berlin na tsayawa a minti 30, Oscar kuma a minti 40. Amma ko inda ƙa'ida ta ba ka dama, ka sani cewa masu tsara shiri suna harhaɗa gajerun finafinai ne a zama ɗaya na kamar awa ɗaya da rabi. Fim mai minti 28 zai cinye gurbin finafinai uku, don haka dole ya fi su ƙarfi su ukun kafin a ɗauke shi.

Sai batun da ya fi jawo wa sababbin daraktoci da-na-sani, wato haskawar farko. Fim sau ɗaya ake fara nuna shi a duniya, sau ɗaya a wajen ƙasarsa, sau ɗaya a kowace ƙasa ko birni. Manyan bukukuwa irin su Cannes da Berlin da Venice suna son su ne za su fara nunawa. Idan ka yi gaggawar bai wa wani ƙaramin biki, ko ka ɗora fim ɗin a YouTube don murna, ka rufe wa kanka waɗannan ƙofofin da hannunka. Ba kowa ke da wannan sharaɗin ba, bikin Sundance na Amurka misali ba ya tilasta shi a kan gajerun finafinai, shi ya sa dole ka karanta ƙa'idar kowane biki layi bayan layi. Ka fara da masu tsauri, ka jira amsarsu, sannan ka gangaro zuwa masu sassauci. Jiran yana da zafi, na sani, amma haƙurin wata biyar ya fi asarar da ba ta gyaruwa.

Bayan nan ka duba abin da bikin ya nuna a shekaru biyu ko uku da suka wuce. Ka nemi tallolin finafinan ka kalla, ka tambayi kanka da gaskiya ko naka zai zauna a tsakiyarsu. Oberhausen na Jamus, wanda aka kafa a 1954, ya shahara da finafinan gwaji masu karya al'ada. Annecy na zane mai motsi ne, IDFA na Amsterdam na finafinan gaskiya, FESPACO na Wagadugu kuma na masu shirya fim 'yan Afirka da 'yan asalinta. Tura labarin soyayya inda ake neman fim ɗin ban tsoro zubar da kuɗi ne kawai.

Ka kuma yi hattara da bukukuwan bogi. Alamarsu a fili take: suna raba kyaututtuka kowane wata, rukunansu sun fi arba'in, ba adireshin silima, ba hoto ko ɗaya na mutane zaune suna kallo, kuma da ka "ci" sai su ce ka sayi kofin. Tambarin ganyen da za su ba ka ka liƙa a fosta ba ya burge wanda ya san harkar. Ka nemi wani darakta da aka nuna fim ɗinsa a can, ka tambaye shi yadda aka yi.

Daga ƙarshe ka yanke abin da za ka iya kashewa, ka kasa shi gida uku: kaɗan ga manya, don Sundance kaɗai yana samun gajerun finafinai fiye da 10,000 a shekara ya zaɓi ƙasa da 100, kaso mafi tsoka ga matsakaita da suka dace da salonka, sauran ga na kusa da za ka iya halarta da kanka. Ka tura a wa'adin farko, lokacin kuɗin ya fi sauƙi, kuma kada ka ji kunyar rubuta takaitaccen saƙo kana roƙon a yafe maka kuɗin rajista, wasu suna yi. Ka buɗe jadawali ka rubuta wa'adi da ranar amsa da sharaɗin haskawar farko na kowanne. Ka tanadi fassarar Turanci ta ƙasan allo da kwafin DCP, wato nau'in fayil ɗin da ake haskawa a silima, tun kafin a nema. Yawancin bukukuwa fim ɗin da aka kammala cikin shekara ɗaya ko biyu suke karɓa, saboda haka ka sa wa kanka ranar da za ka daina turawa ka saki fim ɗin a intanet.