Yadda Ƙaramar Makaranta Mai Zaman Kanta Za Ta Tsara Ayyukan Bazara Tare da Iyayen Yara

A ƙasashen da hunturu ke yin tsanani, bazara ita ce lokacin da sanyi ke janyewa, yini ya ƙara tsawo, itatuwa su fara toho, kuma tana kamawa ne daga Maris zuwa Mayu a arewacin duniya, daga Satumba zuwa Nuwamba a kudancinta. Yaran da suka kwashe watanni a kulle cikin aji suna ɗokin fita waje, amma ƙaramar makaranta mai zaman kanta ba ta da yawan ma'aikatan da za su ɗauki nauyin lambu da yawon ilimi da taron ƙarshen zango su kaɗai, saboda haka dole ta nemi hannun iyayen yara. Abin da ya fi faruwa shi ne aikin ya taru a wuyan iyaye uku ko huɗu masu himma, su gaji tun zango bai raba ba, sauran kuwa su tsaya kallo domin ba wanda ya gaya musu takamaiman abin da ake so su yi.

Shugaban makaranta ya kira zama da malamai da wakilan iyaye kamar mako shida zuwa takwas kafin bazara ta shigo, a shimfiɗa kalandar zangon a gaba, a fara cire makonnin jarrabawa da ranakun hutu. A lura da bukukuwan addini na iyalan makarantar, domin Ista ba ta da tsayayyen kwanan wata, tana faɗowa ne tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, azumin Ramadan kuma yana matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara. Akwai ranakun duniya da za a iya jingina aiki da su: ranar ruwa a 22 ga Maris, ranar kare doron ƙasa (Earth Day) a 22 ga Afrilu wadda aka fara a Amurka a 1970, ranar littafi ta UNESCO a 23 ga Afrilu, da ranar iyali ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 15 ga Mayu. Kada kwaɗayin yawansu ya ja makaranta ta ce za ta yi duka. Aiki ɗaya mai tsawo da zai ɗauki zangon gaba ɗaya, da fita waje ɗaya, da taron iyalai ɗaya a ƙarshe, sun ishi makarantar da malamanta ba su cika goma ba.

Aikin mai tsawo da ya fi dacewa da wannan yanayi shi ne lambu, kuma a nan ne ya kamata a fi zuba hankali. Abu na farko da za a bincika shi ne lokacin da aka saba ganin daskarewar raɓa ta ƙarshe a yankin, domin dare ɗaya na irin wannan sanyi ya isa ya kashe dashen tumatir ƙurmus. Tumatir ana shuka irinsa ne a cikin aji, a ƙananan tukwane kusa da taga, mako shida zuwa takwas kafin wannan lokaci, sannan a riƙa fitar da shi waje na 'yan sa'o'i kullum har tsawon mako guda domin ya saba da iska kafin a dasa shi. Ga ƙananan yara kuwa, waɗanda haƙurinsu bai kai nan ba, wake ya fi: a sa ƙwayarsa tsakanin jiƙaƙƙiyar auduga da jikin kwalba mai haske, cikin mako guda yaro zai ga saiwa ta fasa ɓawo ta nufi ƙasa, tsiro kuma ya lanƙwaso ya miƙe sama, ya auna shi da rula kowace safiya ya rubuta a littafinsa. Latas ma yana saurin biya, domin ana iya tsinkar ƙananan ganyensa cikin wata guda ko fiye da haka kaɗan. Karas kuwa yakan yi mako biyu zuwa uku kafin ma ya leƙo, kuma sau da yawa hutu kan zo bai nuna ba, don haka a yi lissafi daga ranar rufe makaranta a dawo baya kafin a sayi kowane iri.

Wasu makarantu kan so ƙyanƙyasar ƙwai a aji, kuma darasi ne da yara ba sa mantawa, sai dai yana da sharuɗɗa. Ƙwan kaza yana ƙyanƙyashewa ne a kwana 21, a zafin da ya kai kimanin digiri 37.5 a ma'aunin Salshiyas, kuma dole a riƙa juya shi sau da yawa a yini har zuwa kwana na 18, ciki har da ranakun ƙarshen mako da babu kowa a makaranta. Idan injin ƙyanƙyasar ba mai juya ƙwan da kansa ba ne, sai an sami wanda zai riƙa zuwa. Kafin a sa ƙwai ko ɗaya a inji, a tabbatar an sami gidan da zai karɓi 'yan tsakin idan sun girma, a kuma sa dokar wanke hannu da sabulu duk lokacin da yaro ya taɓa su.

Yadda ake neman taimakon iyaye shi ke nuna ko za su zo ko ba za su zo ba. Saƙon da ya ce "muna neman masu taimako a lambu" ba ya samun amsa sai daga waɗanda dama suka saba zuwa. Wanda ya ce ana neman mutum biyu ranar Asabar daga ƙarfe tara zuwa sha ɗaya, su kwashe taki a baro su baza shi da manjagara, yana samun amsa, domin uba ko uwa sun san inda aikin ya fara da inda ya ƙare. A yanka kowane aiki zuwa abin da ba zai wuce sa'a biyu ba, a rubuta shi a takarda a bakin ƙofa, a kuma tura shi ta waya. Iyayen da aikinsu bai ba su damar zuwa da rana ba a ba su abin da za su yi a gida, kamar yanka allunan sunayen shuke-shuke, ko riƙon tukwanen tsiro a lokacin gajeren hutu. Kakanni ma kada a tsallake su, domin galibi su ne suka fi kowa lokaci, kuma da yawansu sun fi malaman sanin ƙasa da iri. Batun kuɗi kuwa a bi shi a hankali: iyaye sun riga sun biya kuɗin makaranta, wasunsu da ƙyar, saboda haka gudummawa ta zama ta ganin dama, kada a karanta sunayen masu bayarwa a gaban taro.

Tsaron yara nauyi ne na makaranta ko da iyaye ne ke taimakawa. Kada a bar mai taimako shi kaɗai da yaran da ba nasa ba, kuma a bi dokar ƙasa kan binciken masu aiki da yara, kamar yadda ake yi a Ingila ta DBS, hukumar da ke duba ko mutum yana da tarihin aikata laifi. Kafin fita waje a karɓi takardar izini daga kowane gida, ɗauke da lambar wayar gaggawa da bayanin lafiyar yaro, musamman da yake ƙurar furanni a bazara tana tayar da asma da atishawa da ƙaiƙayin ido, ƙudan zuma kuma sun fara yawo. Maganin shaƙa na mai asma ya kasance a jakar malamin da ke tare da shi. A ƙirga yara lokacin tashi, da lokacin isa, da lokacin juyowa, kuma a nemi yardar iyaye kafin a sa hoton kowane yaro a intanet.

Taron ƙarshe bai buƙatar ƙawa mai yawa. Ya isa yara su zagaya da iyayensu cikin lambun, kowane aji ya nuna littafin awonsa, a yi 'yan wasannin tsere, kowane iyali ya tafi gida da tukunyar tsiro. Yanayin bazara ba shi da tabbas, don haka tun a takardar gayyata a rubuta ranar da za a koma idan ruwan sama ya hana, ko ɗakin da za a shiga. A ranar ce kuma, tun iyaye suna wurin, za a zagaya da takardar ban ruwa ta dogon hutu, kowane iyali ya ɗauki mako guda, a nuna musu famfo da inda ake ajiye mabuɗin ƙofar lambu. Cikin makon da ya biyo baya a aika wa kowane mai taimako godiya da sunansa, sannan malami ɗaya da wakilin iyaye ɗaya su zauna su rubuta ranar da aka shuka kowane iri, da abin da ya yi kyau, da abin da ya lalace, su ajiye littafin a ofishin makaranta domin waɗanda za su karɓi aikin baɗi.